Roƙon da Na Sa wa Hannu

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Perpetual ta haihu! Mace ce. Na zama kaka.

Israel mijinta ne ya bugo daga Ingila muna shirin addu'ar safe. Na fita tsakar gida da singileti, ƙafa ba takalmi, na hau buga ƙofar maƙwabcinmu Malam Abdulmajeed. Ko ina kwana ban ce masa ba. Ya fito da kofin shayi a hannu ya ce, "Baba Kure, gobara ce?" Na ce jika ce. Ya ajiye kofin ya rungume ni. Shekara tara 'yata tana jiran wannan rana, duk Nyanya ba wanda ban roƙa ya taya mu addu'a ba.

Sai dai wata bakwai ne cikin. Israel ya ce an sa yarinyar a kwalba, nauyinta bai kai na mudun gero ba.

Matata Angelina ba ta fito ta yi guɗa ba. Ta zauna a bakin gado tana kallon jakar da ke jikin bango.

Ba zan rubuta komai a kan jakar ba. Yau ranar murna ce.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan abincin rana

An turo hoto. Hannunta bai fi yatsana ba. Akwai roba a hancinta. Na nuna wa mai shago, na nuna wa masu acaba na bakin layi, na nuna wa mai faci. Kowa ya ce goshina ne.

Jakar tana nan.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Malamar da ta koya mana karatu a ajin yamma ta ce mu riƙa rubutu kullum don kada hannu ya manta. Ta kuma ce takarda ba ta kai ƙara. To bari in rubuta.

Tun watan Yuli Angelina ta haɗa jakar nan. Daddawa, kuka, kanwa, yajin jego, zannuwan goyo guda uku. Za ta je ta yi wa 'yarta wankan jego kamar yadda uwarta ta yi mata. A watan Satumba aka hana ta biza. Baturen ofishin bizar ya rubuta cewa bai yarda za ta dawo ba.

Ni da Baturen nan bakinmu ɗaya. Angelina ba ta sani ba.

A cocinmu akwai akwatin roƙo a gefen bagadi. Duk mai damuwa yana rubutawa a 'yar takarda ya jefa, ba a sa suna. Ranar Lahadin godiya, a watan Nuwamba, sai a buɗe a karanta ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Wanda aka san ya samu, jama'a su ce, "An amsa." Wanda bai samu ba, su ce, "Muna jira."

A watan Yuli na jefa tawa. Na rubuta: Ya Ubangiji, ka rufe wa Angelina hanyar Ingila, kada ta tafi ta bar ni.

Kuma na sa hannu. Kure Didam, da dogon jan layi a ƙasa. Sama da shekara ashirin ina masinja a ma'aikata ina dangwala yatsa a gaban yara sa'annin 'ya'yana. Tun da na koyi rubuta sunana ina da hamsin da biyu, ban taɓa gama rubutu na bar shi haka ba. Hannuna ne ya yi da kansa. Sai da takardar ta faɗa ciki na tuna.

Saura mako uku da kwana biyu.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan sujada

Na ba da shaida a gaban ikilisiya. Na yi rawa har hulata ta faɗi. Duk lokacin akwatin yana hagu da ni, ban kalle shi ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, da hantsi

Na ga Thaddeus a tashar Nyanya, wajen mai shayi. Tare muka yi aiki. Matarsa ta tafi Amurka jegon ɗiyarsu, aka ce wata shida. Bana shekara ta huɗu. Da jika ɗaya ya yi wayo sai a haifi wani, kuma can mai raino tsada gare ta.

Rigarsa ba maɓalli biyu. Ya fito da waya yana nuna mini jikoki.

"Tana bugowa kowace Lahadi," in ji shi. "Ba ta fashi."

"Abinci fa?"

"Ga mai shayi, ga mai indomi. Kure, kai dai ka yi sa'a, taka Bature ya tsare maka ita."

Ya yi dariya. Ni ma na yi.

Shi na gani a watan Yuli, a wannan bencin, kafin in rubuta abin da na rubuta. Ba uzuri nake kawowa ba. Ina dai faɗin yadda aka yi.

Laraba, 30 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na je coci da wuri na ce zan taya shara. Akwatin da kwaɗo. Na zare tsinken tsintsiya, na manna cingam a kansa, na zura ta hudar. Dattijo mai shekara sittin da takwas, a gaban bagadi.

Takarda ta fito. Ba tawa ba ce. Wata ce take roƙon Allah ya raba mijinta da giya, kuma na gane rubutun. Da ban iya karatu ba da ban ɗauki wannan zunubin na biyu ba.

Ina ƙoƙarin mayar da ita sai ga Saleh, sakataren coci, wanda yake karanta takardun kowace shekara.

"Baba Kure, roƙon ne ya maƙale?"

"Ya maƙale."

"Tura shi da kyau. Abin da ya shiga nan ba ya fita sai ranar godiya."

Ya karkaɗa mini makullin yana murmushi.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da safe

Jakar tana nan. Angelina ta buɗe ta shanya kukar don kada ta yi fumfuna, ta mayar.

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Yarinyar ta kamu da zazzaɓi a cikin kwalbar. Sun ƙara mata wata roba. Israel bai faɗi duka ba, na ji a muryarsa.

An sallami Perpetual daga asibiti, ita kaɗai take a ɗaki, mijin yana aiki. Ita da take nas, tana duba tsofaffin Turawa, ba mai dafa mata ruwan zafi. Ta bugo ta bidiyo. Fuskarta ta kumbura.

"Mama, nonon ba ya zuwa. Sun ce in tatsa in kai mata, ba ya zuwa. Ba wanda ya gasa mini jiki."

Angelina ta ce, "Kawo tawul. Tsoma a ruwan. Ba haka ba, matse shi tukuna. Danna nan, ƙarƙashi." Tana faɗa, hannayenta suna yi a iska, tana matse tawul ɗin da babu. Ni ne na riƙe mata wayar. Ta ce in tsaya da kyau.

Da za su gama Perpetual ta ce, "Ba wa Baba." Na juyo da wayar.

"Baba, ka yi mana addu'a. Kai addu'arka ba ta faɗuwa ƙasa."

Na ce to.

Talata, 5 ga Nuwamba, da asuba

Na durƙusa. Ban iya cewa komai ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da azahar

Kwana uku ina azumi. Angelina tana zaton don yarinyar ne. Don ita ne, amma ba don ita kaɗai ba.

Ina ta tunani a kan tafiya. Ni ma baƙo ne a garin nan. Ina da ashirin da tara na bar ƙauyenmu a bayan Kagoro na hau motar itace na zo neman aiki, lokacin Abuja duk jar ƙasa ce da manyan motoci. Na ce wa babana shekara biyu zan yi. Ya raka ni bakin hanya, ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'a da yarenmu. Ban taɓa tambayar kaina abin da yake roƙo a zuci ba. Wataƙila shi ma yana so motar ta lalace. Amma shi bai iya rubutu ba, nasa ya tsaya tsakaninsa da Allah.

Da 'yata za ta tafi, a filin jirgi na yi mata addu'a da babbar murya har mutane suna juyowa. Na ji daɗi, zan ce ina da 'ya a Ingila. Ban san cewa wanda ya tura 'yarsa nesa, wata rana uwar za ta bi ba.

Shin Allah yana amsa muguwar addu'a? Ina so in tambayi Rabaran, amma zai ce wa ya yi ta.

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Malam Abdulmajeed ya shigo da kwamfutarsa. A ma'aikatar tarayya yake, ya san takardu. Ya ce asibitin can sun ba da wasiƙa, a sake nema, kuma akwai layin gaggawa.

"Amma Baba, abin da ya kayar da mu wancan karon, ba su ga abin da zai dawo da Mama ba. Ka rubuta wasiƙa a matsayin mijinta. Ka ce ka yarda ta tafi, kana nan kana jiranta. Rubuta da Hausa, ni zan juya."

Na ɗauki biro. Na rubuta cewa ni Kure na yarda da zuciya ɗaya. Na sa hannu.

Ya duba ya ce, "Wannan sa hannun naka, ko minista albarka."

Yanzu takarda biyu ce take ɗauke da sunana, ɗaya tana cewa ta tafi, ɗaya tana cewa kada ta tafi. Ban san wadda Allah zai karanta ba.

Talata, 12 ga Nuwamba, da yamma

Mun kai takardun cikin gari. Awa biyu a gosulo daga gadar Nyanya zuwa gangaren Kugbo. A cikin motar Angelina ta kamo hannuna ta rufe ido tana addu'a a hankali. Haka ta yi a watan Agusta da muka je karon farko. Wancan karon ma na ce amin.

Zazzaɓin bai sauka ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, bayan addu'ar tsakiyar mako

Rabaran ya kira ni gefe. Ya ce Saleh zai tafi biso a Gwagwalada, ba zai dawo kafin Lahadi ba.

"Baba Kure, kai za ka karanta mana takardun bana. Sabon kaka, kuma mutane su ga amfanin ajin yamma."

Na kusa durƙusa masa. Ni zan zaro, ni zan karanta. Ba wanda ya ƙirga takardun. Na san tawa, a gefen shafin littafin nan na yage ta.

Na dawo gida na karya azumi, na ci tuwo malmala biyu. Angelina ta ce, "An samu labari ne?" Na ce a'a, yunwa ce.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da rana

Na goge farin kaftanina. Shi ne mai zurfin aljihu.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, ƙarfe uku na yamma

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Coci ta cika. Doya da buhunan masara da kaji a gaban bagadi. Matan zumunta sun sa anko, Angelina tana layin gaba da tulun da take bugawa. Rabaran ya buɗe kwaɗon.

Na karanta wajen ashirin. Mai neman aiki, an amsa. Mai neman haihuwa, muna jira. Na karanta ta matar mai giya ban ɗaga kai ba. Sai na zaro wata mai naɗi huɗu, na gane ta tun kafin in buɗe. Na saukar da hannuna wajen aljihu. Har ta shiga rabi.

Ba wata murya na ji ba. Wadda na karanta kafin ita, an rubuta da irin rubutun yara, domin Angelina ba ta iya rubutu ba, sai ta sa wani. Cewa ta yi: Ya Allah, ka kai ni wurin 'yata, ka kuma riƙe mini maigidana da lafiya har in dawo. Ba suna, amma duk cocin sun san mai ita. Suka ce, "Muna jira." Ni ma na faɗa tare da su.

Na fito da tawa daga aljihu. Na karanta duka. Na karanta sunan.

Wata tsohuwa a baya, da sabo, ta ce, "An amsa." Sai ta rufe bakinta da hannu.

Angelina ta sauke tulun daga cinyarta ta ajiye a ƙasa a hankali, kamar kada ya fashe. Ba ta kalle ni ba. Rabaran ya ɗaga waƙa, mutane suka kama da ƙyar. Sauran takardun shi ya ƙarasa.

Ta riga ni dawowa gida. A keke napep ta zo, ita kaɗai.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da safe

Ta ajiye mini kunu a kan tebur. Ba ta ce komai ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da yamma

Tuwo, miyar kuɓewa, ruwan wanke hannu. Ba magana. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin ƙarar cokali a ɗakin nan haka ba.

Ban je addu'ar tsakiyar mako ba. Thaddeus ya zo, ya zauna a dakali, bai yi mini dariya ba. Da zai tafi ya ce, "Ni ma na yi irin taka. Ban rubuta ba ne kawai. Kuma tawa ba a amsa ba."

Juma'a, 22 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ta yi magana.

Tana tsince wake a faranti, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baban Pepe." Haka take kirana tun da aka haifi Perpetual.

Na ce na'am.

"Kana zaton kai ka hana ni tafiya?"

Na ce haka nake gani.

"Kai wane ne? Allah zai bar jaririya a kwalba don ya faranta maka rai? Bature ne ya hana ni, kada ka ɗauki kanka da girma haka. Kwana tara kana azumi ashe kai ne a ranka, ba yarinyar ba."

Ta tsince ƙwaro ɗaya ta yar, ta ci gaba.

"Ba wannan ne ya yi mini ciwo ba. A mota na riƙe hannunka, ka ce amin. Da safe ka ce amin, da yamma ka ce amin. Wata huɗu. Ga ni a ɗaki ɗaya da kai, ka kasa ce mini, Angelina ina jin tsoro. Sai ka kai ƙarata wurin Allah. Sannan ka karanta wa duk Nyanya kafin ni."

Na ce, "Ina jin tsoro."

"Yanzu ka faɗa."

Ta ci gaba da tsince waken. Can ta turo mini farantin ta ce in tsince rabi, in na ga ƙwaro in cire, domin ko ba jima ko ba daɗe sai na koyi dafa shi.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da safe

Na bugo wa Perpetual na faɗa mata da bakina. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Baba, zan kira ka." Ba ta kira ba tukuna.

Na durƙusa, yau bakina ya buɗe. Ban roƙi komai a kaina ba.

Talata, 26 ga Nuwamba, da azahar

Zazzaɓin ya sauka. Sun cire roba ɗaya.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

An ba ta bizar. Malam Abdulmajeed ne ya karanta mana saƙon. Angelina ta yi guɗar da ba ta yi ba ranar haihuwa, har matan gidan suka fito. Ni na shiga ɗaki na zauna. Na yi murna. Tsoro kuma ya kama ni, kuma wannan karon na fito na faɗa mata. Ta ce, "Na sani. Tashi ka ɗaure mini jakar."

Laraba, 4 ga Disamba, da hantsi

Ta tafi.

Jiya da yamma ta ce in ɗauko littafin nan da biro. Ta ce in buɗe shafin ƙarshe in rubuta abin da za ta faɗa. Na rubuta: Ni Angelina zan dawo gidana a Nyanya kafin Ista. Ko sun haifi goma. Ta karɓi biron, ta shafa tawadar a babban yatsanta, ta dangwala a ƙasa.

"Ni nawa sa hannun ke nan," in ji ta. "Kuma ni ban taɓa dangwala ƙarya ba."

Na yi mata addu'a a filin jirgi, a hankali, ita kaɗai ta ji. Ta ce amin.

Wurin da jakar take a jikin bango ya yi fari. Na dafa wake, ya kama.

Asabar, 7 ga Disamba, ƙarfe uku na yamma

An fito da jaririyar daga kwalba. Jiya suka kawo ta gida.

Perpetual ce ta bugo da kanta. Ta ce, "Baba, mu mun sa mata Divine, amma Mama ta ce sunan gida kai za ka sa." Na fara jero godiya ga Allah. Na ji muryar Angelina daga baya tana cewa, "Ki ce masa ya yi sauri, ba wa'azi aka ce ya yi ba." Na ce Jinƙai.

Ƙarfe huɗu na nan Angelina za ta yi mata wanka, za su kunna mana bidiyo. Malam Abdulmajeed ya ce a jona da talabijin ɗinsa don kowa ya gani da kyau, ya ma sa mai a janareta ko da za a ɗauke wuta. Na share tsakar gida, na jera benci. Na aika wa Thaddeus. Na aika wa Saleh da Rabaran, da tsohuwar da ta ce an amsa, don ta daina ɓuya idan ta hango ni.

Saura kusan awa ɗaya. Bari in ajiye biron in bi layi ƙofa ƙofa. Mai shago, masu acaba, mai faci, duk wanda ya ji abin da na karanta a coci da wanda aka ba shi labari, ku zo. Hannun da yake matse tawul a iska, yau jaririya ce a cikinsa. Ku zo ku gani.